Yinin da Wule Ta Kwanta a Cadawa

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Gazawa a shekarun baya ya san Hamidu Mai Igiya. Dogon tsoho ne siriri, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, kullum yana gindin bishiyar bedi da tarin kaba a gabansa yana tufka. Igiyarsa ba ta tsinkewa, wannan kowa ya shaida. Amma ba igiyar ce ta sa aka san shi ba, bakinsa ne. Bafulatani ne gaba da baya, amma ba a taɓa ganin mai saurin neman taimako irinsa ba. Jaki ya faɗi da kaya, ko sa ya turje a bakin mota, kafin mai abin ya buɗe baki Hamidu ya miƙe yana ƙwala kira: "Kai mai jar hula, zo kama nan! Alhaji, aje carbin nan ka kama can!" Har jandarma da kakinsa ya taɓa sawa ya riƙe wutsiyar saniya. Ƴan uwansa Fulani kan sunkuyar da kai su ce tsohon nan fulakonsa ya zube a hanya. Masu faɗin haka yara ne, ba su san komai ba. Da sun gan shi yana ɗan shekara talatin da sun kama bakinsu.

A wata ruga arewa da Sae Sabuwa aka haife shi. Ubansa ya rasu tun bai iya riƙe sanda ba, sai yayan uwarsa, Kawu Bakari, ya ɗauke shi. A hannun Bakari ya koyi kiwo, a hannunsa ya koyi fulako, kuma Bakari ba ya koyar da abu rabi da rabi. Ba ka cin abinci a gaban baƙin ido. Ba ka cewa kana jin yunwa ko da cikinka na kuka ana ji. Ba ka cewa wash ko kunama ce ta harbe ka. Uwa uba, ba ka roƙo. Naka zai gani da idonsa ya yi maka, wanda bai gani ba kuwa ka bar shi ya wuce abinsa. Hamidu ya haddace wannan karatu har ya so ya fi malaminsa.

Da ya auri Dija ba shi da wani abin kirki a garke, sai Bakari ya ɗaura masa haɓɓanaye. Ga wanda bai sani ba, haɓɓanaye saniyar amana ce. Mai shanu ya ba ka karsana ka kiwata, ka sha nononta, ta haifa maka sau uku, ƴaƴan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita da hannunka. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, in ruwa ya yi kaɗan ita ke fara sha. Wadda Bakari ya zaɓa masa ja ce mai dogon ƙaho da fari a goshi, ana kiranta Wule. Ba kuma saniyar banza ba ce, daga tsatson saniyar da uwar Bakari ta zo da ita gidan aure ta fito. Bayan haka Bakari ya yi ƙaura da iyalinsa gabas, ya kafa bukkokinsa kudu da Gazawa. Wule ta haifa wa Hamidu biyu. Saura ɗaya, sai sama ta ɗauke ruwanta.

Ba sai an tsaya ba da labarin farin nan ba, duk gidan da ka shiga a ƙasar Maraɗi akwai mai ba ka nasa. Damina ta zo ta yi yayyafi ta tafi, ta bayanta ma haka. Hamidu ya kora garkensa arewa neman ciyawa, ya gamu da waɗanda suka riga shi suna dawowa daga su sai sanduna. Ya sassare rassan gawo ya ba su, ya yaye bunun bukkarsa ya ba su. Duk da haka shanu suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, har ƴaƴan Wule biyun. Kafin bazarar shekarar da aka fara rabon jar dawa ta taimako, garken ya koma saniya ɗaya, ita ma ba tasa ba.

A bakin wata rijiya can wajen Kornaka saƙo ya same shi ta bakin wani mai jakunan kanwa. Kawu Bakari yana gaishe shi, ya ce nasa sun ƙare kaf, ko ɗan maraƙi bai tsira ba. In Wule na da rai a kawo ta, wajensu akwai sauran ƴaƴan gawo, ana kuma samun dusa daga tsallaken iyaka. Hamidu ya sa aka maimaita masa saƙon. Mai haɓɓanaye ba ya kiran saniyarsa kafin haihuwa ta uku, abin kunya ne. In har Bakari, Bakarin da ya sani, ya buɗe baki ya nema, to abin ya kai maƙura. Wule ce kaɗai irin da ya rage. In ta isa da ranta, gidan Bakari zai sake zama gidan shanu. In ba ta isa ba, shi ke nan an rufe.

Ya sauko da Dija da yara Sae Sabuwa, ya bar su a gidan wani manomi da shanun Hamidu suka saba zuba wa gonarsa taki, ya ci gaba shi da saniyar. Tafiya da saniyar fari ba tafiya ba ce, lallashi ne. Su kama hanya da asuba, hantsi ya yi zafi su tsaya a inuwa, la'asar su ƙara ɗan taki. Da rana ba ya barinta ta kwanta ko kaɗan. Da dare ta ɗan kishingiɗa, kafin gari ya waye ya kama wutsiyarta ya ɗaga, ta yunƙura ta tashi. Duk makiyayi ya san dokar: ramammiyar saniya in ta daɗe a kwance ƙafafunta mutuwa suke yi, ba ta ƙara tashi. Shi kuwa abincinsa anza da ɗan ƙullin gari. A kwana na bakwai ƙayar aduwa ta huda takalminsa ta karye a cikin dunduniya. Bai ce wash ba, to wa ma zai gaya wa? Ya ci gaba da takawa har ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi.

Ranar kwana na goma, gab da magariba, jajiberin kasuwa, suka shiga Cadawa. Aka nuna masa gidan Isaka fatoma, wato mai saukar da fatake da masu dabbobi, ya ba su wurin kwana da abinci, ya nemo musu masu saye. Gida ne mai doguwar katanga. Ka shiga zaure, ka bi wani siririn lungu, ka fita garka a baya inda aka kakkafa turaku, ƙofa ɗaya ce shiga da fita. Isaka mutum ne mai faran-faran, ga ƙiba ta zube ta bar masa fata. Da ya ji sunan Bakari ya ce ya san shi, ya sha saukar masa da shanu a shekarun arziki. Ya dubi ƙafar Hamidu ya kama baki.

"Fulani, da wannan ka tako daga Kornaka? Wallahi gobe ba inda za ka. Ka yini nan, a fasa ta, saniyar ma ta huta. Jibi ka kama hanya, Gazawa ba gudu take ba."

Hamidu ya so ya ce a'a, sai ya ji ƙafar tana bugawa har cikin kansa, ya haƙura ya zauna. Aka kawo tuwon jar dawa cikin akushi, ya ce ya ƙoshi. Aka sake tayi, ya ce alhamdu lillahi. A ruga, in baƙo ya ce haka, sai a ajiye masa ƙwaryar a bayan bukka kowa ya kau da kai. Nan kuwa gari ne, shekarar yunwa ce, ga baƙi takwas a zaure. Wanda ya ce ya ƙoshi an gode masa. Kafin ya kifta ido akushin ya koma wanke.

Isaka ya fasa ƙafar da aska, mugunya ta fita da guntun ƙayar, ya ɗaure masa da tsumma, ya nuna masa ɗaki. Hamidu bai taɓa kwana a ƙarƙashin rufin ƙasa ba. Ya ce a ransa zai ɗan miƙe bayansa kawai. Gajiyar kwana goma da sauƙin ƙafa suka haɗu suka danne shi, bai farka ba sai da rana ta fito.

Ya fita garka da gudu-gudu. Wule tana kwance inda ta kwanta tun magaribar jiya, a kan ƙasa mai tauri kamar daɓe. Ya kira sunanta, ta ɗago kai. Ya kama wutsiya ya ɗaga. Ta turo gindi sama, ƙafafun baya suka yi rawa, ta koma. Ya sake, ta sake komawa. A na uku ko yunƙurin ba ta yi ba, ta juyo tana kallonsa. Ya san maganin, ya sha yi wa shanun wasu. Mutum huɗu da sanduna biyu masu ƙwari, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a gaban hantsa, a ɗaga ta a riƙe har jini ya sauka ƙafafun. Aikin da bai fi shan fura ba. Sharaɗin kawai a yi shi yanzu, kafin hantsi.

Mutum huɗu kuwa ga su nan har takwas a zaure, suna shan koko suna ɗaure kayan kasuwa. Hamidu ya bi lungun nan ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama. Suka amsa. Ya gaida su ɗaya bayan ɗaya, suka amsa. Ya tsaya. Ya waiwaya wajen garka, ya sake dubansu. A ruga wannan ya isa. Ka ga mutum tsaye shiru da safe, saniyarsa a kwance, ba ka jira ya yi magana, sanda kake nema. Amma waɗannan fataken goro ne da ƴan koli da dillalan awaki. A wurinsu saniya a kwance hutawa take yi, Bafulatani a tsaye shiru kuwa ai haka Allah ya yi su.

Isaka ya ɗago kai yana ɗaura rawani. "Fulani, lafiya? Ko ƙafar ce?"

Maganar tana bakinsa, ya ma shirya ta da Hausa tun a lungu. Sai ya ga idanu goma sha shida a kansa, mutanen da bai sani ba, waɗanda jiya ya ce musu ya ƙoshi. 

"Lafiya lau, Maigida."

Lafiya lau! Jama'a, ku ji fa. Saniyar da ya tako kwana goma dominta tana mutuwa taku ashirin daga inda yake tsaye, ga mutum ya tambaye shi da bakinsa, wai lafiya lau. Haba Hamidu! Ba sata ba, ba zina ba, "ku kama mini" kawai. Ya tsaya nan kamar turke yana kallo suka ɗauki kayansu suka fice, Isaka yana ce masa ya kwanta ya huta, sai sun dawo.

Gida ya yi tsit. Daga bayan katangar cikin gida ana jin daka da muryoyin mata, wurin da baƙo namiji ba ya leƙawa, ba ya kuma ɗaga murya a ji shi. Ya koma garka. Ya samo wani guntun itace ya cusa a ƙarƙashinta, ya sa kafaɗa ya tura har ɗaurin ƙafarsa ya jiƙe da jini. Ta ɗan gota ta koma. Ya gwada juya ta ɗaya gefen ko ƙafar da ta danne ta samu sarari, ya kasa. Ƙashi da fata ce, amma ƙashin saniya ba na mutum ɗaya ba ne.

Hantsi ya ɗaga, inuwar katanga ta janye ta bar su a fili. Ya tuɓe rigarsa ya kafa ta a kan sandarsa da turke ya yi wa kanta rumfa. Ungulu biyu suka sauka a kan katanga suka gyara zama. Iska ba ta shigowa garkan nan, sai warin tsohon fitsarin dabbobi da zafi mai tasowa daga ƙasa. Mutumin da duk rayuwarsa in ya ɗaga ido sai ya ga inda sama ta haɗu da ƙasa, yau duk inda ya juya jar katanga ce. Ga hayaniyar kasuwa tana tsallako masa, mutane ɗari-ɗari, kowa da hannu biyu.

Sau biyu yana zuwa ƙofar gida. Na farko ya tsaya yana kallon masu wucewa, kowa da ƙwaryarsa ko buhunsa wayam, fuska a bushe, ido a ƙasa. Ya ce a ransa, waɗannan da ko karin kumallo ba su yi ba, da wane ido zan tsayar da su? Ya koma. Na biyu har wani mai jaki ya tsaya ya ce, "Baƙo, wani abu kake nema?" Hamidu ya ce maigida yake jira. Mai jaki ya ce sai la'asar, ya wuce. Ya dawo ya durƙusa a gaban Wule yana kore mata ƙuda, yana jin haushin kansa kamar ya ciji hannunsa. Ya san abin da yake yi, wannan shi ne abin takaicin. Da wauta ce da da sauƙi. Yana sane da kowace sa'a da ke wucewa da abin da take ci a ƙafafun nan, amma bakin ya ƙi buɗuwa.

Sai bayan azahar Zalika, uwargidan Isaka, ta fito garka ɗibar itace. Mace ce da ta manyanta, ta ga shanun baƙi iri-iri a garkan nan. Ta dubi saniyar, ta dubi mutum ba riga da jini a ƙafa, ta yar da itacen.

"Kai baƙo, tun yaushe take kwance?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun jiya, Inna."

"Tun jiya! Ka gaya wa maigidan?"

Ya girgiza kai.

"La ilaha illallahu! Da ƙartin nan cike da zaure suna shanye mini koko?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ja mayafi ta fita ƙofar gida ta buɗe murya: "Jama'a, ku taimaka! Saniyar baƙo ta kwanta!" Sau ɗaya ta faɗa, wallahi sau ɗaya. Kafin ta dawo da taɓare biyu daga cikin gida, mutum shida sun cika garkan, har da mai jakin ɗazu, yana cewa, "Ashe abin da ke akwai ke nan? To me ya hana ka faɗa?" Wannan sauƙin da abin ya zo da shi ya fi komai ƙona ran Hamidu.

Cikin waɗanda suka shigo akwai Iro mahauci. A shekarar nan sana'arsa bin shanun da suka kwanta, ya saye su a kuɗin kaza, ya yi banda a kai kudu. Makiyaya sun tsane shi kamar ciwon ido, amma a faɗi gaskiya, shi ya fara tuɓe riga ya tsara mutane. Aka zura taɓaren, Hamidu a wutsiya, aka ce bisimilla aka ɗaga. Wule ta tashi sama, ƙafafunta na reto. Aka sauke ta a hankali don ta taka, kofaton ya lanƙwashe. Suka murza, suka bubbuga, suka zuba ruwa, suka riƙe har hannuwansu suka yi rawa. Iro ya tsunkuli cinyarta da ƙarfi, ko motsi.

Ya share gumi ya ce, "Ardo, ba zan yi maka ƙarya ba. Da da safe ne da ta tashi. Yanzu kam sai dai ikon Allah. In ka yarda in saya, in rage maka asara."

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

"Amana ce."

Iro ya san abin da ake nufi, bai ƙara tayi ba.

Da Isaka ya dawo ya ji, ya yi ta salati yana dukan cinya, ya ce laifinsa ne da bai leƙa garka ba. Aka kafa gwafanni huɗu aka rataye ta da buhu a ciki, ko ƙafafun za su farfaɗo. Isaka ya je tasha ya roƙi wani direban babbar mota ya ɗauke ta zuwa Gazawa. Direban ya zo ya duba ya ce ba za ta kai rabin hanya ba, girgiza kaɗai ta ishe ta, shi kuma ba ya ɗaukar mushe. Hamidu ya rasa gaba ya rasa baya. Ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon yankawa, ba zai tafi ya bar ta ba, in kuma ya zuba ido ta mutu da kanta ta zama mushe, ko tsoka ɗaya ba za ta shiga bakin jikokin Bakari ba.

Washegari da hantsi numfashinta ya sauya, kanta ya rataya, ta daina korar ƙuda da kunne. Iro ya zo ya tsaya daga nesa da wuƙarsa a kube. Hamidu ya sa aka sauke ta. Ya kawo ruwa a ƙwarya ya jiƙa mata baki, ya durƙusa ya yi mata kirarinta da Fulatanci a hankali, ya ambaci uwarta da uwar uwarta har zuwa saniyar da aka zo da ita gidan aure. Sannan ya miƙa wa Iro hannu.

"Kawo. Ba wanda zai ɗauki wannan sai ni."

Da aka feɗe ta ba a samu kitsen da zai shafi tafin hannu ba, ɓargon ma ya zama ruwa. Iro ya yanyanka naman siri-siri aka shanya a igiya, ya ɗauki kai da kayan ciki ladan aikinsa. Aka kafe fatar a ƙasa da tsinke. Sai ga wani sabon zama, dole ya jira nama da ƙirgi su bushe. Yinin hutu ɗaya ya zama kwana huɗu a cikin katangar nan, yana zaune yana korar ungulu daga naman saniyar da ya zo kaiwa da rai. A ranar yankan ne Zalika ta kawo akushi ta dangwara a gabansa ta ce, "Ba tambayarka na yi ba. In ka ce mini ka ƙoshi sai na kife maka shi a ka." Ta juya ta tafi. Ya juya fuskarsa ga katanga ya ci, hawaye na zuba a cikin miyar.

Hanyar da ya lissafa kwana huɗu da saniya, yini biyu ta ɗauke shi, ga ƙirgi a naɗe a kansa, ga buhun nama a kafaɗa. Bai taɓa jin haushin saurin ƙafarsa ba sai ran nan.

Ya isa da la'asar. Bukkoki uku ne a gefen wata gona. Yara suka hango shi suka sheƙo da gudu, suka wuce shi ba su tsaya ba, suka je suna leƙen hanyar da ya fito. Suka daɗe a can kafin su dawo a hankali. A gefen bukkar Bakari an kafa sabon turke da sabuwar igiya, an yi masa rumfar karan gero. Ga ƴaƴan gawo an tara tsibi ya kai ƙugun mutum, wanda tsoho da matarsa Inno da jikoki suka yi kwanaki suna tsinta ɗaya-ɗaya. Ga rabin buhun dusa an rataye a reshe don kada yara su kai hannu.

Bakari ya fito, ya rame har Hamidu ya so ya kasa gane shi. Ya dubi abin da ke kan ɗan ƙanwarsa sau ɗaya, bai sake duba ba. Ya shimfiɗa tabarma suka gaisa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Dija, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi zafin rana da mutanen Sae Sabuwa. Ya zo inda kowane makiyayi ke tambayar shanu, ya tsallake ya koma kan gajiya.

Hamidu ya kasa jurewa. "Kawu, ba fari ne ya kashe ta ba. Ta iso Cadawa da ƙafarta. Ni ne." Ya faɗi komai, barcin, zauren, mutum takwas, tambayar Isaka da amsar da ya bayar. Bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Ya so tsohon ya zage shi, ko ya ɗauki sanda.

Bakari ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Ya tambaye ka, ka ce lafiya lau."

"Haka na ce, Kawu."

"Ni ma abin da zan ce ke nan." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ni na koya maka."

Ya tashi da kyar ya je wurin turken, ya kwance igiyar, ya naɗe ta a hannu a tsanake ya miƙa wa Inno. Ya ce ta sauke dusar nan ta tuƙa wa yara. Sannan ya dawo ya zauna, ya yi magana ba tare da ya dubi Hamidu ba.

"An ce akwai buro a Gazawa inda ake rubuta sunan masu karɓar dawa. Wata biyu Inno tana yi mini magana, ina cewa a jira Wule. Gobe ka raka ni. Hausarka ta fi tawa, kai za ka roƙa mana."

Hamidu ya ce to. Da asuba suka ɗauki buhu biyu wayam suka kama hanyar gari, tsohon a gaba, shi a baya yana ɗingishi.